Zobban Fir'auna shida da na saya a Jos, har da wanda ya fashe a hannuna

Kuɗin zobe shida na biya, amma yau idan na buɗe gwangwanin alawar da nake ajiye su, biyar da ɓari biyu nake tararwa. Na shidan ya fashe ne a ɗan yatsana, a gaban ɗalibai 43, wata Talata da na daki tebur ina cewa a yi mini shiru. Na fara da wannan ne don mai niyyar saye ya sani tun daga bakin ƙofa: zobban nan ba na shiga kicin ba ne, ba kuma na riƙe ƙarfen Keke Napep a titin Bauchi ba.

Ni malamar Tarihi ce a wata sakandare a nan cikin Jos, shekarata 19 da alli a hannu. Ciwon darasinmu ɗaya ne, ba mu da abin da yaro zai taɓa. Malamin kimiyya yana da kwalabensa, na aikin gona yana da fartanya, ni kuwa sai baki. Idan labarin Nok ne da sauƙi, sai in nemi mota in kwashe su zuwa gidan tarihin garin nan da aka buɗe tun 1952, su tsaya gaban kawunan yumɓun nan masu hudajjun idanu, gani ya kori ji. Amma ranar da na zo kan tsohuwar Masar, sai in ga idanunsu sun tafi wajen taga. Dala ce, Fir'auna ne, kogin Nilu ne, duk a takarda.

Shekara biyu da suka wuce ƙanena ya kai Innarmu ganin likita a Alƙahira, ya dawo mini da tsarabar wani zobe shuɗi mai zane-zane a fuska. Yana miƙo shi yana rage murya: "Yaya, ki adana shi da kyau, mai shagon ya rantse mini daga kabari aka tono shi." Dala 40 ya ba da. Na gode masa, na bari ya tafi, na ɗora allura a kan risho har ta yi ja, na soka ta cikin zoben. Ta shige sumul, ɗakin ya ɗauki warin ƙonanniyar leda. Roba ce aka shafa wa fenti, aka goga mata ƙasa a lunguna don ta yi kama da tsohon abu. Daga baya na gaya masa ya gode Allah da aka cuce shi. Tun 1983 Masar ta yi doka mai lamba 117 da ta mai da duk kayan tarihi mallakar ƙasa, ta haramta cinikinsu. Duk wanda ya ce zai sayar maka da na ainihi a lungun kasuwa, ko dai maƙaryaci ne ko ɓarawo, kuma gara maƙaryacin, domin da na gaske ne da a filin jirgi labarin ƙanena zai ƙare, ga mara lafiya a keken guragu.

Malamin zane-zanen makarantarmu ne ya ji ina wannan mita a ɗakin malamai, ya ce akwai wani yaro can wajen Naraguta da ke haɗa irin abin da hannunsa. Ba shi da allon talla. Rumfar kwano ce a bayan gidan iyayensa, da tanderun gas da ya gina da bulo, da katakai cike da kofuna da tukwanen fure waɗanda yake kai wa masu otal a Abuja. Abincinsa ke nan. Zobba da duwatsun wuya sha'awa ce ya ɗauko tun yana karatun ginin tangaran a Zariya. Ba zai wuce shekara 30 ba. Ina shiga ya miƙe ya share mini benci da gefen rigarsa, ya ce, "Mama, sannu da zuwa, ki yi haƙuri da ƙura." Tambayar farko da na yi masa ita ce ko nasa ma roba ne. Bai ce komai ba, ya ɗauko wani dutsen wuya da ya lalace a wuta, ya ɗora a kan bulo, ya buga masa guduma, ya miƙo mini. Bayansa shuɗi mai sheƙi, siriri kamar ɓawon ƙwai. Cikinsa fari fat, garas-garas kamar ƙwayar sukari.

Sunan abin a bakin masana fayans. Sunan aro ne, kuma aron bai dace ba: Turawa ne suka ga sheƙinsa ya yi kama da na tangaran ɗin garin Fa'enza a Italiya, suka liƙa masa. Masu abin cehenet suke ce masa, wato mai walƙiya, kuma sun fi shekara 5,000 da fara yin sa. Ba ginin yumɓu ba ne irin na su Ladi Kwali da ke bayan takardar naira 20. Fiye da kashi 90 cikin 100 na jikinsa garin farin dutse ne, wanda muke kira ƙanƙara, ko yashi mai tsabta. Sai 'yar farar ƙasa, sai jan ƙarfe kaɗan wanda shi ke ba da launin, sai kuma gishirin da ke narkar da su su kama juna. Wannan gishirin shi ya fi burge ni, don ba baƙonmu ba ne. Misirawa suna samun sa ko dai daga tokar tsirrai, kamar ruwan tokar da iyayenmu ke tacewa, ko kuma daga tafkunan Wadi Naɗrun da ke tsakanin Alƙahira da Iskandariyya. Wanda suke kwasowa a can ɗin 'yar uwar kanwarmu ce, wadda ake kawowa daga Borno a sa a wake. Da ita suke busar da gawar sarakunansu, da ita kuma suke yin kayan ado.

Na tambaye shi ko da kanwa yake nasa. Ya yi dariya ya ce ya gwada sau uku, launin yana fitowa da dauɗa saboda ƙasar da ke cikinta, don haka ya koma sodar gari irin wadda masu haɗa sabulun ruwa ke saya. Farin dutsen kuwa daga tsoffin ramukan kuza yake tsinto shi, ya ƙona, ya daka, ya tankaɗe. Yana ƙara ɗan ƙaro don kwaɓin ya riƙe jikinsa. Ya ba ni na taɓa. Duk macen da ta taɓa sa hannu a gasarar koko ta san halinsa: ka matse ya yi tauri ya tsage, ka sake shi ya malale. Ba ya ginuwa kamar yumɓu, shi ya sa tun can asali ake danna shi cikin ɗan mazubi na gasasshen yumɓu mai rami, kamar tandar waina a ƙanƙance. Fuskar zoben mazubinta daban, kewayen da ke shiga yatsa nasa daban, sai a liƙa su da ɗan danshin kwaɓin kafin su bushe.

Abin mamakin yana wajen bushewa. Ba a shafa masa komai. Yayin da ruwan cikinsa ke fita, sai ya jawo gishirin zuwa waje, ya taru a bayan zoben fari-fari kamar furfura, irin yadda gishiri ke tsattsafowa a gindin bangon siminti bayan damina. Wannan furfurar ce idan ta shiga wuta, wajen digiri 900, take narkewa da garin dutsen da jan ƙarfen ta zama gilashi shuɗi. Zoben da kansa yake haifar da sheƙinsa. Akwai wasu hanyoyi biyu da Misirawa suka sani, ko a binne abin cikin garin haɗin a gasa, ko a tsoma shi cikin ruwan haɗin, amma yaron nan ta farkon yake bi.

A nan ne kuma ƙorafina na farko ya samo asali. A watan Agusta na je, lokacin da Jos ke yini cikin yayyafi, wanki ya kwana uku a igiya. Ya ce mini, "Mama, in na karɓi kuɗinki na yi yanzu, cutarki zan yi. Iskar nan ba za ta ja gishirin ba. Ki bari hunturu ya shigo." Na ba da naira 10,000 kafin alƙalami a kan zai gama a tsakiyar Nuwamba. Ban karɓa ba sai ana saura kwana huɗu Kirsimeti, bayan makaranta ta tashi hutu, darasin da na shirya dominsa ya wuce. Uzurin yanayi na karɓa, gaskiya ne. Wanda ban karɓa ba shi ne kiran waya. Sai in kira sau biyar ba a ɗauka ba, in tura saƙo a WhatsApp ya kwana biyu ba amsa. Sau biyu ina biyan kuɗin mota in je in tarar ya tafi Abuja kai kofuna. Mai sana'a ne na ƙwarai, amma ɗan kasuwa ne na banza, kuma na faɗa masa haka a gaban mahaifiyarsa, ta ce in ƙara masa.

Naira 4,000 yake sayar da ɗaya, ya bar mini shidan a 22,000. Na zaɓi mutanen gida ɗaya ne don labarin ya ɗinku: Amenhotef na Uku da matarsa Tiye, ɗansu Akenaten da matarsa Nefertiti, sai Tutankamun, sai tsoho Ay da ya gaje shi. Dukkansu cikin shekara kamar 70 suka yi zamaninsu, daga wajen 1390 zuwa 1320 kafin haihuwar Annabi Isa alaihis salam, kuma a daidai wannan zamanin ne irin waɗannan zobba suka yi yawa.

Na Tutankamun ya fi kowanne kyau, kuma shi ya fi yi mini aiki. Launinsa shuɗi ne mai ɗan ratsin tsanwa, irin na sararin Jos da hantsi bayan an ɗauke ruwa. Alamomi huɗu ne kawai a fuskarsa, a jere daga sama zuwa ƙasa: da'irar rana, ƙwaro, 'yan layuka uku, da wani abu kamar rabin ƙwarya wanda a wurinsu kwando ne. Da muka dawo hutu na zana su a allo, na sa zoben ya zaga aji a tafin hannu. Wata yarinya a layin baya ta ɗaga hannu ta ce, "Malama, wannan ai buzuzu ne." Aji ya fashe da dariya, wai sarki guda da buzuzu mai tura kashi a sunansa. Ta kuwa canka. Misirawa sun dubi yadda yake mirgina dunƙulensa a ƙasa, suka kwatanta da yadda rana ke tafiya a sama, kuma sunansa a harshensu, kefer, yana nufin zama ko bayyana. Layuka ukun alamar jam'i ce, su ke mai da shi keferu. Kwandon ana karanta shi neb, wato ubangida. Ranar kuwa Ra ce. Ana rubuta ta a farko don girmamawa amma a ƙarshe ake furta ta: Neb-keferu-Ra. Cikin minti 20 yara 'yan shekara 13 sun karanta rubutun da ya haura shekara 3,300, suna ta musu a kan wa ya riga ganewa.

Sai wani ya ce to ina Tutankamun ɗin? Tambaya mai kyau. Sarkin Masar suna biyar yake da su, biyu daga ciki ake kewayewa da zanen igiya mai siffar ƙwai: sunan yanka da sunan hawan gado. A zobba na hawan gadon aka fi sawa, kamar dai yadda a fada ba mai kiran sarki da sunan da aka raɗa masa ranar suna. Sau da yawa ma ba a zana igiyar, siffar fuskar zoben ta wadatar. Da na gaya musu Tutankamun ya hau gado yana ɗan shekara 8 ko 9, ya rasu bai kai 20 ba, kuma sai a Nuwamban 1922 Howard Carter ya gano kabarinsa, sai na ga masu kallon taga sun juyo.

Na Amenhotef ya jawo mini jin kunya. Sunansa na gado Neb-ma'at-Ra: rana, kwando, da wata mace a zaune da gashin jimina a ka, ita ce Ma'at, alamar gaskiya da daidaito a wurinsu. A hoton da ke littafina tana kallon hagu, a zoben tana kallon dama. Na koma da shirin faɗa, na ce ya juya mazubi, ya rubuta mini sunan sarki a baibai. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Mama, rubutunsu ta ko'ina yana tafiya. Wani daga dama kamar ajami, wani daga hagu kamar boko, wani daga sama. Inda fuskar mutum ko tsuntsu ta kalla, daga nan ake farawa." Na je na bincika, haka ne. Shekara 19 ina koyar da Masar, mai ginin kofi ya gyara mini.

Na Tiye da na Nefertiti ba laifi, sai dai na Nefertiti yana da tabo a gefe, wuri kamar ƙwayar gero da ba sheƙi. Yaron da ke taya shi aiki ne ya ɗauka da yatsa lokacin da furfurar ta fito, ya share ta, wuta kuma ba ta mayar da abin da aka share. Ya kamata a ce ya ware shi ko ya rage kuɗinsa, bai yi ba, ni ma ban lura ba sai a gida. Na Ay shuɗi ne mai duhu kamar rinin Kofar Mata, ya ce da wani sinadari kobal ya yi shi, wanda Misirawa ke samowa a zangunan hamadar yamma. Bayan makonni na ga farin gari na fitowa ta cikinsa, alamar bai gasu sosai ba. Na goge, ya sake fitowa sau ɗaya, ya daina.

Na so a ce akwai ruwan ɗorawa a ciki, domin zobban zamanin da suna da shi, har da ja da fari da kore. Ya ƙi. Ya ce ruwan ɗorawan Misirawa da haɗin dalma ake yin sa, shi kuma ba zai sa dalma a abin da yara za su riƙe, wani ma ya kai baki ba. Wanda ya tuna yaran da gubar dalma ta kashe a ƙauyukan Zamfara a 2010 ba zai ja da shi ba. Ban ja ba.

Na Akenaten shi ne mafi rauni tun kafin ya fashe. Sunansa na gado dogo ne, alamomin sun yi yawa a ɗan wuri, gilashin ya narke ya cike ramukan, sai ka kai shi hasken rana ka karkata kafin ka ga komai. Na zura shi ne don in nuna yadda yake zama a yatsa, surutu ya yi yawa, na manta, na daki tebur. Ya rabe daidai inda fuska ta haɗu da kewaye. Aji ya yi tsit, abin da na nema tun farko. Wannan sarkin dama bayan mutuwarsa an bi gine-ginensa an farfasa, an goge sunansa daga jerin sarakuna, ga shi a Jos ma bai tsira ba.

Na yi kwana biyu ina jin haushin naira 4,000 ɗina, har ina cewa araha ba ta ado. Amma da na koma kan littattafaina sai haushin ya ragu, domin na asalin ma haka suke. Akenaten ya tashi daga babban birnin iyayensa ya gina sabo fil a wurin da yau ake kira Amarna, kimanin kilomita 300 kudu da Alƙahira, garin da bai cika shekara 20 ba aka watse aka bar shi. Da Flinders Petrie ya yi haƙa a can a 1891 zuwa 1892, tare da Carter ɗin nan yana ɗan shekara 17, ya tarar da dubban 'yan mazubai na yumɓu, na zobba da na duwatsun wuya da na sauran tarkacen ado. Zobban da ake samu a garin kuwa akasarinsu ɓari ne, fuska a nan, kewaye a can. Haka abin yake a fadar Amenhotef da ke yammacin Luksor, wadda Larabawan wurin suka raɗa wa Malƙata, wato wurin tsintuwa. Wanda ya karanta babin luƙaɗa a fiƙihu zai ji kalmar. Tsabar yawan abin da ake tsinta a ƙasa ne ya ba wurin suna.

Manyan ma'aikata suna da zobban zinariya da azurfa da tagulla waɗanda suke buga hatimi da su. Na fayans ba ya jure wannan aikin. Masana da yawa suna ganin rabo ake yi da su a bukukuwa, irin bikin cikar Amenhotef shekara 30 a kan gado, wanda ya maimaita a shekara ta 34 da ta 37. Da na fahimci haka sai abin ya sauko mini ƙasa-ƙasa. Ashe kayan rabon biki ne. Bokiti da kofi da mafici masu hoton amarya da ango, ko atamfar kamfe mai fuskar ɗan takara. A buga da yawa, a kashe kaɗan, kowa ya tafi gida da sunan mai gida a hannu, in ya fashe a yar. Akwai kofin roba a kicin ɗina na wani biki da auren ya mutu shekara 6 ke nan, kofin na nan garau ana shan ruwa da shi. Su ma masu haƙa da irin wannan tarkacen suke lissafi. Samun ɓararrakin zobba masu sunan Neb-keferu-Ra a Amarna yana cikin abin da ya nuna cewa garin na da rai har farkon mulkin Tutankamun, kafin fada ta tashi.

Ɓarin biyu yanzu su na fi fitarwa a aji. Lafiyayyen zobe sheƙi kawai yake nunawa. Fasasshen yana nuna farin cikin da siririn shuɗin bayan, sai in ajiye shi kusa da na robar ƙanena mai hudar allura, in ce su bambance. Na gaske yana da sanyi a fata, yana da ɗan nauyi, in ka ƙwanƙwasa shi a haƙori yana ƙara kamar tangaran. Iyayenmu mata da haƙori suke gwada tsakiya da murjani tun kafin a haife mu.

Akwai maganar da ba zan tsallake ba, don na san mai karatu Musulmi ta zo masa tun daga kan take. Ranar da na kawo su gida na baje a kan tabarma, maigidana ya duƙa ya duba, ya ce, "Malama, yanzu kuma kayan Fir'auna ake tara mana?" Na yi masa bayani. Kalmar Fir'auna kanta daga fer-a'a ta fito, babban gida, kamar yadda muke cewa fada ta ce. Sarauta ce da mutane da yawa suka riƙe, Alƙur'ani kuma bai ambaci sunan na zamanin Annabi Musa ba. Ya ce duk ya ji, kuma zobe mai suna ba baƙon abu ba ne, Manzon Allah sallallahu alaihi wa sallam yana da na azurfa da yake buga wa wasiƙu hatimi, cikin sarakunan da ya aika wa ma har da Muƙauƙis na Masar. Amma ya ce in dubi abin da ke rubuce a nawa. Ra ɗin nan rana ce da suke bauta wa, macen mai gashin jimina ma abin bauta ce a wurinsu. Ya ce a koyar da yara da su, wannan ilimi ne, amma ba ya son a yi ado da su, ba ya kuma son su kwana a ɗakin da ake salla. Ban ga abin musu ba. Suna makaranta a cikin durowa mai makulli. Wanda abin ya dame shi ya tambayi malaminsa kafin ya kashe kuɗi, ni dai haka muka yanke a gidanmu.

Abin da ya sa duk da wahalar wayarsa nake tura mutane wurin yaron nan yana bayan fuskar kowane zobe. Ya tsaga 'yar alamarsa da shekarar da ya yi shi, 2024, tun kwaɓin na ɗanye, yadda ba mai iya gogewa sai ya fasa. Ya ba ni labarin wani dillali da ya zo daga Abuja ya ce ya yi masa guda 50 ba alama, zai biya ninki uku, shi zai san yadda zai binne su su tsufa. Ya ce masa ya gode. Mu mutanen Filato mun san wannan kasuwar. Mun ga yadda aka yi ta tone ƙasar Nok ana fitar da kawuna a ɓoye, mun kuma ji yadda ake gina sababbi a shafe su da ƙasa a sayar wa baƙi, alhali tun 1979 dokar da ta kafa hukumar gidajen tarihi ta ƙasa ta hana cinikin kayan tarihi da fitar da su ba izini. Yaron da ke fama da kuɗin gas ya ga ninki uku ya kau da kai, na yafe masa Nuwamba.

Sauran ƙananan abubuwa: awo ɗaya yake yi, mazubinsa na kewaye guda ne, ya yi wa yatsan mace daidai, namiji sai dai ƙaramin yatsa. A kwalin ashana ya sa mini kowanne da ɗan auduga, ba takardar da ke faɗin sunan wane ne ko me alamomin ke nufi, wanda bai sani ba zai rikita na Tiye da na Nefertiti kafin ya kai gida. Na ce masa ya buga 'yar takarda ko da rabin shafi ce, da Hausa da Turanci, ya ce to, irin "to" ɗin da na saba ji daga ɗalibai. Hanyar gidan kuma in da ruwa a bar mota a bakin titi. Malamin makaranta, ko mai son ajiye abu a kabad ɗin gilashi, kuɗinsa ba zai tafi a banza ba. Mai neman zoben zuwa biki ya nufi wajen maƙeran azurfa.

Makon jiya na koma da ɓarin Akenaten. Ya juya su a hannu, ya ce gam zai riƙe amma layin zai fito, ya yi tayin sake mini wani a rabin kuɗi. Na ce a'a, waɗannan suna da aiki. Abin da na sa shi maimakon haka zobe ne mara suna, mai furen bado a fuska, irin wanda su ma mutanen Amarna suka yi, wanda zan iya sawa ba tare da an yi mini tambaya a gida ba. Ya auna yatsana da zare ya ƙulla, ya ce sai ya sassaƙa sabon mazubi, kuma iskar yanzu ta yi daidai, kafin ƙarshen Fabrairu zan samu. Ina kuma so ya bar ni in kawo ɗalibai 10 wata Asabar su ga furfurar gishirin da idonsu kafin a sa wuta. Na kira shi jiya sau biyu a kan wannan, bai ɗauka ba.